Fiyanon Ingila da hunturunmu

Tambaya: Malam, makarantarmu a Kaduna za ta sayi fiyano na hannu. Dillalin ya ce ƙirar Ingila ce, wai jikokinmu ma za su gaje shi. Mu biya?

Amsa: Kada ku yi saurin fitar da kuɗi. Ingila ta yi suna a wannan sana'a, babu musu. Kamfanin Broadwood na Landan ne ya aika wa Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, kyautar fiyano. Amma ƙasar ta ƙera na kirki, ta kuma ƙera tarkace masu yawa.

Ku fara da buɗe murfin sama. In kun ga wasu siraran sandunan waya a jere gaban ƙananan gudumomin da ke dukan wayoyin sauti, kamar kejin tsuntsu, wayoyin sautin kuma a miƙe ba su gitta juna ba, to tsohon yayi ne, galibi ya haura shekara 100. Ko kyauta aka ba ku, ku bar shi. Masu saita sautin fiyano ma gudunsa suke yi.

Waɗanda nake yabawa su ne ƙirar kamfanonin Knight, Welmar, Danemann da Kemble na tsakanin 1950 da 1990. Danemann musamman an san shi a makarantun Ingila, ya saba da dukan yara. Sai dai a lura, Kemble ta rufe masana'antarta ta garin Milton Keynes na Ingila a 2009, kuma tsofaffin sunaye da dama yanzu a jikin fiyanon da aka ƙera a Asiya ake manna su. Suna kaɗai ba shaida ba ne.

Babban abin da nake ji muku shi ne hunturu. Wayoyin fiyano sun haura 200, suna jan nauyin kusan tan 18, kuma kusoshin da ke riƙe su a cikin katako suke. Katakon da ya yi shekaru a danshin Ingila, da iskar Janairu ta buge shi sai ya motse, kusoshi su saki, saiti ya ƙi zama. Wani lokaci allon sauti, wato katakon da ke ƙara amon wayoyin, ya tsage. Damina ta zo, madannai su kumbura su maƙale.

Saboda haka ku tafi da mai saiti, ya gwada ƙarfin kusoshin da makullinsa, ya duba tsaga da ɓarnar asu. Ku tambayi hunturu nawa fiyanon ya yi a ƙasar nan. Wanda ya ci uku yana riƙe saiti ya fi wanda aka sauke jiya a Legas.