Amsa ga mai neman motar iyali ta hannu da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kana da mata da yara uku, kuɗin da ka tara bai kai na sabuwar mota ba, kuma hankalinka ya rabu tsakanin wata babbar mota mai kujerun fata wadda ta kwana biyu, da wata ƙarama marar ado, alhali farashinsu ya kusa zama ɗaya. Na daɗe ina hawan motocin hannu, na kuma sha raka 'yan'uwa da abokai wurin saye, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona, kai kuma ka auna shi da halin da kake ciki.

Ka fara tambayar kanka dalilin da ya sa babbar motar ta sauko har ta yi daidai da ƙaramar a farashi, alhali ranar da suka fito daga kamfani wataƙila ta ninka ta. Dalilin shi ne masu saye sun san abin da take ci. Farashin mota yana faɗuwa da shekaru, amma farashin kayan gyaranta ba ya faɗuwa tare da ita, don haka wanda ya sayi tsohuwar motar alfarma da araha zai riƙa sayen kayanta da kuɗin masu hali. Inji mai silinda shida ya fi mai huɗu shan mai, fulogoginsa sun fi yawa, baƙin man da ake zuba masa ya fi yawa, tayoyin motar sun fi girma da tsada, kuma kowane maɓalli na lantarki da ya burge ka a cikinta abu ne da wata rana zai tsaya. Ga magidancin da zai riƙa kai yara makaranta kullum, ni ƙaramar nake zaɓa masa, muddin lafiyarta ta tabbata. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan saye. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, domin ban taɓa ganin motar hannu da ba ta nemi wani abu a watanninta na farko ba, ko taya, ko batir, ko birki, ban da kuɗin sauya takardu da inshora.

Game da irin motar, abin da nake ba mutane shawara shi ne su dubi titin garin da suke zaune, su ga wadda ta fi yawa, musamman a hannun masu haya, domin mai haya ba ya riƙe motar da take kwana a gareji. Motar da ta yi yawa a wuri, kayanta suna samuwa sabo da tsoho, kuma kowane makanike ya saba da cikinta. Wannan ne ya sa sunan Toyota Corolla ba ya fita daga bakin masu ba da shawara. Tun 1966 ake ƙera ta, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, saboda haka da wuya ka je inda za a rasa kayanta. Camry da Honda Accord da Civic duk suna cikin wannan sahu. Ku biyar ne, kuma mota mai kujeru biyar bel biyar gare ta, to ta ishe ku a yau. Idan kana yawan ɗaukar iyaye ko kana sa ran ƙaruwa, gara ka duba mai kujeru bakwai irin su Sienna ko Corolla Verso, maimakon a riƙa ɗora yaro a cinya, wanda hatsari ne babba ko da tafiyar gajeriya ce.

Sai dai suna kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne na ga mutane da yawa sun shiga wahala. Kowane kamfani yana da shekarun da wani injinsa ko giyarsa ya ba da matsala. Sananne ne cewa injin Camry mai lita 2.4 na shekarun 2007 zuwa 2009 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin ya tsawaita garantinsa a kan haka, kamar yadda Honda ta nemi a dawo mata da wasu motocinta masu silinda shida domin gyara a 2004 saboda matsalar giya mai sarrafa kanta. Wannan ba ya nufin kowace mota ta waɗannan shekaru ta lalace, yana nufin ka san inda za ka sa ido. Bayan haka, Corolla da aka yi shekaru ana wasa da canjin manta ba ta kai wata mota marar suna da mai ita ya kula da ita ba. Abin da kake saye a haƙiƙa shi ne riƙon da mai ita na baya ya yi mata.

To ta yaya ake gane riƙon? Ka je da safe, da hasken rana, kuma ka nemi kada a tayar da motar kafin ka iso. Ka ɗaga bonet ka taɓa injin da hannunka, idan ka ji shi da ɗumi ka tambayi dalili, domin inji mai ciwo yakan ɓoye ƙararsa da hayaƙinsa idan ya yi zafi. Kafin a tayar, ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ƙarƙashinsa. Idan ka ga wani kauri mai ruwan madara, alama ce mai yiwuwa ruwa yana haɗuwa da mai, kuma galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, gyaran da ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Idan ka leƙa ciki ka ga baƙin datti ya daskare, an daɗe ana jinkirin canjin mai. Ka duba ruwan lagireto tun injin yana da sanyi, kada ka ga tsatsa ko maiƙo a samansa. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli fitilun gaban direba: ta inji, da ta jakar iska, da ta birkin ABS (wanda ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi), dole su kama duka, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba tun farko ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, saboda akwai masu cire ƙwan fitilar ko su rufe ta don kada mai saye ya gani. Da an tayar, ka koma bayan motar ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne, baƙi kuma man fetur ne ya yi yawa. Na farko da na biyu sun isa ka yi sallama ka tafi.

Kada ka dogara da lambar tafiyar da take nunawa, domin mayar da ita baya ya zama abu mai sauƙi, har a motocin da lambarsu ta lantarki ce. Mota takan yi kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara a hannun mai amfani na yau da kullum, don haka idan mai shekara goma sha biyar tana nuna 60,000, ka kwatanta da abin da idonka yake gani: robar birki da ta kulochi, santsin sitiyari, da yadda kujerar direba ta lotsa. Ka kuma lura ko mil take ƙirgawa ko kilomita, saboda mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil suke ƙirga. Lambar shasi ita ce shaidar da ta fi wuyar ƙarya. Tun 1981 haruffa da lambobi 17 ne, tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda ke cikin takardu harafi da harafi. Idan motar daga Amurka ko Turai ta fito, akwai shafuka a intanet da za ka sa lambar su nuna maka tarihin hatsari da lambar tafiyar da aka rubuta mata a baya, kuma ɗan kuɗin da za ka biya a kan haka bai kai komai ba idan aka kwatanta da asarar da yake karewa.

Motoci iri biyu ne nake roƙon ka guje musu ko da an rage maka rabin kuɗi. Ta farko ita ce wadda ambaliya ta taɓa cinyewa. Ana wanke ta, a sa mata turare, ta yi kyau, amma ruwan da ya shiga wayoyi da kwamfutarta yana ci a hankali, sai bayan watanni matsaloli su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ba a gane tushensu. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba ramin safayar taya, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai tabon ruwa, ka duba ƙarafunan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Ta biyu ita ce wadda ta yi mummunan hatsarin da ya taɓa shasi. Sabon fenti a ƙofa ɗaya ba abin damuwa ba ne, amma idan tazarar da ke tsakanin bonet da gefensa ba daidai take ba hagu da dama, ko ka ga walda a ƙarfen da ke riƙe da inji, ko tayoyi suna cinyewa ta gefe ɗaya, to wannan motar ba za ta kare iyalinka yadda aka ƙera ta ta yi ba idan wani hatsarin ya zo.

Gwajin tuƙi kuma kada ya zama zagaye ɗaya a cikin layi. Ka tuƙa ta kamar rabin awa, rediyo a kashe, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ka bi hanya mai gargada don ka ji ƙafafunta, ka hau babban titi don ka ji yadda giya take shiga. Idan mai sarrafa kanta ce, kada ta yi jinkiri ko ta buga lokacin da aka sa ta gaba ko baya, kuma idan tana da sandar awo, man giyar ya kasance ja mai haske, ba baƙi mai warin ƙuna ba. Ka sa ido a kan allurar zafi tun daga farko har ƙarshe. Duk wannan ka yi shi tare da makaniken da kai ka kawo kuma kai za ka biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba, domin mai jiran la'ada idan ciniki ya faɗa ba zai ga aibi ba. Ya zo da na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari don karanta matsalolin da kwamfutar mota ta adana, wadda motocin Amurka suke da mazauninta tun 1996, na Turai masu fetur kuma tun 2001. Makanike mai ilimi zai iya gane ko an goge matsalolin da kwamfutar ta adana ba da daɗewa ba. Mai motar da ya ƙi a kai ta gareji a ɗaga a duba ƙasanta, ya riga ya ba ka amsa.

Tunda yara za ka ɗauka, akwai abubuwan da ba na so ka sassauta a kansu. Birkin ABS da jakar iska su kasance suna aiki, kuma idan kuɗinka ya kai ga mai na'urar hana zamewa, wadda ta zama dole a sababbin motocin Amurka daga samfurin 2012 da na Tarayyar Turai daga 2014, ka fifita ta a kan mai kujerun fata. Ka bincika da lambar shasi ko motar tana cikin miliyoyin da aka nemi a dawo da su domin gyara saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda sinadarin cikinta yake lalacewa da zafi da laima har ta iya fashewa da ɓaraguzan ƙarfe, kuma ko an canza mata. Ka gwada makullin yara na ƙofofin baya da kowane bel. Tayoyi kuma ka karanta shekarunsu, lambobi huɗu ne a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida ka sa ta cikin lissafin canji ko da zanenta bai cinye ba, ka kuma rage kuɗinta daga farashi.

Kada ka biya ko kwabo sai ka ga takardun asali, ka tabbatar sunan da ke ciki na mai sayarwa ne ko akwai shaidar wakilci, an biya harajin shigowa idan daga waje take, kuma ba a ci bashi da ita ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu. Ranar da ta zama taka, ka canza baƙin mai da matatarsa ko da an rantse maka jiya aka canza, kuma ka tambayi makanike ko injin bel yake amfani da shi wajen daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, ko sarƙa. Idan bel ne kuma babu shaidar ranar da aka canza shi, ka canza nan take, domin yawanci wajen kilomita 100,000 ake ba shi, kuma a injuna da yawa idan ya tsinke ana tafiya, bawul da fistin suna karo, injin ya tashi aiki.

Idan ka samu dama, ka turo mana shekarar kowace daga cikin motocin biyu, da girman injinta, da irin giyarta, da lambar tafiyar da take nunawa, in sha Allahu ni da sauran waɗanda suka san irinsu za mu gaya maka wuraren da ya kamata makanikenka ya fi matsawa a kowace.