Kowa ake bari ya shiga? Tambaya kan ziyarar Aya Sofiya, Kurɗuba da ire-irensu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina muna shirin fita yawon buɗe ido, kuma ni ba abin da ke burge ni irin tsofaffin wuraren ibada, musamman Aya Sofiya na Turkiyya da masallacin Kurɗuba na Sifaniya da nake yawan gani a hotuna. Shin kowa ake bari ya shiga irin waɗannan wurare? Kuma in sallah ta riske mu a ciki za mu iya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Toh ka zaɓo wurare biyu da amsarsu ta yi hannun riga, a ɗaya za ka yi sallarka hankali kwance, a ɗayan kuwa kana tayar da kabbara mai gadi zai dafa kafaɗarka. Abin da ke raba su shi ne wa ke riƙe da ginin yau, ba wa ya gina shi ba.

Aya Sofiya ai coci ne asalinsa, Sarki Jastiniyan ya kammala shi a 537, ya yi shekara sama da 900 a haka kafin Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin, wato Istanbul ta yau, a 1453 ya mayar da shi masallaci. A 1934 gwamnatin Ataturk ta mayar da shi gidan tarihi, sai a watan Yulin 2020 kotu ta soke wancan hukuncin aka dawo da sallah. Yanzu dai masallaci ne cikakke, liman da ladan da komai. Amma fa tun farkon 2024 an raba ƙofa, mai yawon kallo daga ƙasar waje yana yankan tikiti (Yuro 25 aka sa a lokacin) ya hau bene, ƙasan kuma na masu sallah ne, ba a biyan ko sisi. Ni dai shawarata ku yi duka biyun, ku yi sallah a ƙasa sannan ku biya ku hau, don da yawa daga cikin tsofaffin zanen zamanin Rumawa masu ruwan zinare a saman suke, kuma daga can ne mutum ke gane girman ƙubbar nan da gaske. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 yana nan kuna kallon juna, shi kyauta ne, sai dai ana dakatar da 'yan kallo lokutan sallah, ranar Juma'a kuma sai an sauko.

Kurɗuba kuwa labarin ya juya ne. Abdurrahman Addakhil, sarkin Musulmin Andalus, ya fara gina masallacin a 785, magadansa suka yi ta faɗaɗawa, ginshiƙai sama da 800 da bakuna masu ratsin ja da fari, mihrabin da Halifa Alhakam na biyu ya ƙawata har yau yana nan daram. Amma tun 1236 da Sarki Fadinand na uku ya karɓe garin aka mayar da shi coci, daga baya ma aka dasa wani ƙaton coci a tsakiyarsa. Cocin Katolika ke riƙe da shi, kowa zai sayi tikiti ya shiga, amma ba a yarda Musulmi ya yi sallah a ciki ba. A 2010 wasu matasa da suka zo daga Ostiriya sun gwada, aka yi ka-ce-na-ce da masu gadi har sai da 'yan sanda suka shigo. Na san zuciya kan motsa in mutum ya tsaya gaban mihrabin nan, gaskiya wurin akwai taɓa rai, amma ku yi sallarku kafin ku shiga kawai, ba a ƙasar mutane ake gwada taurin kai ba.

Haka abin yake ko'ina, kowa da dokar gidansa. A Maroko yawancin masallatai wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, masallacin Hassan na biyu da ke Kasabalanka, wanda aka gama a 1993 mai hasumiyar mita 210, yana cikin 'yan ƙalilan da ake zagayawa da kowa. Na Sheikh Zayed a Abu Dabi kyauta ne ga kowa, rajista kawai za ku yi ta intanet. Babban masallacin laka na Jenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, na Musulmi ne kaɗai, ga kuma matsalar tsaro a yankin, shi kam ban ba ku shawarar zuwa yanzu ba.

In kun leƙa na wasu addinan, sutura ce ta fi mayar da mutane daga bakin ƙofa. A cocin Waliyi Bitrus da ke Batikan shiga kyauta ne amma dole kafaɗa da gwiwa su kasance a rufe, namiji ko mace, kai kuma hularka za ka cire. A Amritsa ta Indiya, wurin ibadar mabiya addinin Sik mai rufin zinare, akasin haka ne, har namiji sai ya rufe kai, a cire takalmi a ratsa ruwa a wanke ƙafa, kuma suna ciyar da dubban mutane kyauta kullum ba a tambayar addininka. Coci-coci 11 na Lalibela a Habasha da aka sassaƙa cikin dutse su ma sai an tuɓe takalmi, saboda haka safa ta zauna a jaka, uwargida kuma ta riƙe mayafi ko ina.

Hoto kuma, a ɗauki gini son rai in ba a hana ba, amma mutumin da ke tsakiyar ibadarsa kar a haska masa waya a fuska. Tikitin Kurɗuba ku saye shi ta intanet tun kuna otal, ku kuma duba jadawalin ranar Lahadi, don da hantsi ana fitar da 'yan kallo a yi addu'ar coci.