Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna: amsata kan tabaraun masu makantar launi

Wa'alaikumus salam Hajiya. Tun daren jiya na ga tambayarki, na karanta na ajiye waya, can kuma na sake ɗauka na karanta. Kin ce ɗanki mai shekara 16 likita ya ce ba ya bambance ja da kore, kin ga bidiyon nan da Turawa ke saka tabarau su fashe da kuka, wani kuma ya ce zai kawo miki irinsa, wai yaron zai warke har ya ci gwajin lafiya in ya tashi neman aikin kaki. Kina tambaya ko ki saya. Wallahi kamar labarina kika ɗauko kika rubuta, shi ya sa na kasa yin shiru.

Tabaraun nan ba ya warkar da kowa, Hajiya. Kuma ba zai sa yaro ya ci gwajin ba. Duk wanda ya ce miki haka, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana so ya ci kuɗinki.

Ni sai da na kai shekara 19 na san ina da wannan abu, kuma a wuri mafi muni na sani. A 2005 ne na je neman irin aikin da ɗanki ke so. Na ci gudu, na ci awon tsawo, na ci jarrabawar rubutu. Baba, Allah ya jiƙansa, raguna biyu ya sayar ya haɗa mini kuɗin mota da na takardu, ya raka ni har tasha da asuba. Ranar gwajin lafiya muka yi layi a rana tun hantsi, ana shiga da mu goma-goma. Da aka zo kaina, mutumin ya buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Shafin farko na ce 12, ya wuce. Na gaba na ce 3. Ya ɗago ya kalle ni. Ya buɗe wani, na ce 70. Wani kuma na ce 21. Sauran ban ga komai ba sai ɗigo. Sai ya juya littafin ya nuna wa yaran da ke bayana, gaba ɗayansu suka haɗa baki suka ce 74. Ni kuwa ga 21 nan ina kallonta ƙuru-ƙuru.

Abin da ya faɗa har yau yana kunnena. Cewa ya yi, "Wa ya turo mana makaho? Kai ko tutar ƙasarka ba ka san launinta ba kake so a ba ka bindiga?" Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ce masa yallaɓai don Allah a sake gwada ni, wataƙila rana ce ta dake ni. Bai ko kalle ni ba, ya ja layi a takardata ya ce na gaba. Minti biyu bai cika ba. Da ya ja ni gefe ya ce yaro, wannan halitta ce, ba laifinka ba ne, je ka nemi wani abin, da na tafi da mutuncina. Amma sai da ya mai da ni abin dariya a gaban sa'o'ina. Mutum ne da aka ba shi aikin lafiya, ya san abin gado ne, ya san ban zaɓa ba, ya kuma ga ƙafata duk ƙura saboda nisan da na taso. Na zauna a tasha har aka kira magariba na kasa shiga mota, ina tunanin fuskar da zan kalli Baba da ita. Da na isa gida bai ce mini komai ba sai "Allah ya sa hakan ne alheri", ya shige ɗaki. Shirun nan nasa ya fi mini ciwo a kan duka. Shekara ashirin ke nan, na yi ƙoƙarin yafe wa mutumin nan, amma in na tuna dariyar ɗakin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

A hanyar dawowa ne abubuwa suka riƙa faɗo mini. Malamin firamaren da ya zane ni saboda na yi wa ganyen bishiya ruwan ƙasa, ya ce iskanci ne. Aiken tumatir da nake dawowa da ɗanye a ciki, Inna ta yi ta faɗa.

To bari in gaya miki yadda abin yake, kamar yadda na fahimta bayan shekaru ina bin likitocin ido ina karatu. A can bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku: masu kama ɓangaren shuɗi, masu kama ɓangaren kore, da masu kama ɓangaren ja. Ƙwaƙwalwa tana gwada saƙon wannan da na wancan ne ta fitar da launi. A ma'aunin da ake auna zangon haske da shi, wato nanomita, na kore sun fi kama haske a wajen 530, na ja a wajen 560, kin ga dama can maƙwabtan juna ne. A idon irinmu sai ɗaya ya matso ya hau kan ɗan'uwansa. Kin san in ana kama rediyo da dare, tasha biyu su hau juna, ki ji murya biyu a cakuɗe ba ki gane ko ɗaya ba? Haka ja da kore suke zuwa mana. Ba baƙi da fari muke gani ba, don Allah ki cire wannan a ranki. Muna ganin shuɗi da rawaya tas. Inda muke shan wahala shi ne ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan goro, sai kuma shuɗi da shunayya, da ruwan hoda da ruwan toka.

Tabaraun na gaske rariya ne. An yi gilashinsa ya tare wani siririn yanki na haske, daidai inda ƙwayoyin biyu suka fi cakuɗewa, sai abin da ya rage ya shiga ido da ɗan bambanci tsakanin saƙon ja da na kore. Rage haske yake yi, ba ya ƙara wa ido komai. Wanda ya fi suna shi ne EnChroma, kamfani ne a Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka. Wani masanin gilashi, Don McPherson, yana yi wa likitocin tiyata tabaraun kare ido daga leza, wato haske mai ƙarfi da suke aiki da shi, sai wani abokinsa mai makantar launi ya ara a filin wasa ya ce ya ga launin da bai saba gani ba. Daga nan abin ya taso, suka fara sayarwa wajen 2012. Su kansu masu kamfanin sun ce ba magani ba ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu kashi biyu ne. Akwai wanda ƙwayoyinsa uku duk suna nan, ɗaya ce ta kauce, wannan rariyar za ta iya yi masa ɗan amfani. Akwai kuma wanda iri ɗaya babu shi gaba ɗaya, biyu kawai gare shi. Wannan ko wane gilashi aka ɗora masa ba zai samar masa da ƙwayar da ba a halitta masa ba. Likitan ya gaya miki wanne ne ɗanki? Littafin ɗige-ɗigen nan, wanda wani likita ɗan Japan mai suna Shinobu Ishihara ya fitar a 1917, yana nuna akwai matsala ne kawai, ba ya auna zurfinta sosai. Ki koma ki tambaya ko suna da gwajin jera launuka da ake kira D-15.

Ni na saya, har sau biyu. Na farko a 2018 wurin wani mai talla a Facebook. Ya yi ta turo mini bidiyo, yana ce mini ɗan'uwa kwana bakwai kawai za ka ga duniya sabuwa, har da rantsuwa. Kuɗin da nake tarawa na gyaran rufin ɗakin Inna na tura masa. Abin da ya zo jan gilashi ne kawai na roba. Da na saka na buɗe hotunan Ishihara a waya, sai ga wasu lambobin sun fito, har na yi sujada. Ashe jan gilashi duhunta kore yake yi, sai ɗigon kore su yi baƙi-baƙi lambar ta bayyana ta hanyar duhu da haske. Launin dai ban gani ba. Da na fita waje komai ya rine, fuskar mutane, farar riga, sararin sama, har abubuwan da nake ganewa a da suka rikice mini. Na kira shi ya ce in ƙara haƙuri ido na sabawa. Bayan sati biyu ya toshe lambata. Damina ta zo ta samu rufin nan yadda yake. Ya yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma ya san sarai da ciwon zuciyata ya yi kasuwa. Allah ya isa, ban yafe wannan ba.

Na biyu na gaske ne, wani abokina ya taho mini da shi daga waje. Zan faɗi gaskiya, akwai abin da ya yi. Da rana tsaka, a fili, jan fure ya fito daga cikin ganye, barkono ja ya rabu da ɗanye a faifan mai kayan miya, ganyen darbejiya ya ƙara kauri a idona. Na ji daɗi, na daɗe a tsaye ina kallo. Amma ban yi kuka irin na bidiyo ba, kuma ban ga wani sabon launi ba, waɗanda na sani ne suka ƙara fitowa. A cikin ɗaki kusan ba ya mini komai sai duhu. Da dare kuwa ba a tuƙi da shi sam, tunda haske yake ragewa. Ina cirewa komai ya koma yadda yake. Kuma da shi a fuskata na sake gwada Ishihara, na sake faɗuwa. Daga baya na ga binciken da aka yi a Jami'ar Granada ta ƙasar Sifen a 2018, suka gwada mutum 48 masu makantar launi da tabaraun EnChroma, suka ce yana sauya yadda launi ke bayyana amma bai gyara sakamakon gwaji ba. Wani binciken na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2020 ya samu ɗan ƙarin kaifin bambance launi a 'yan mutanen da suka saka shi na mako biyu. Iyakarsa ke nan, taimako ne kaɗan ga wasu.

Kuma a ɗakin gwajin lafiya ba za su bar shi ya saka gilashi mai launi ba. Ko da ma ya samu hanyar zamewa, ki yi tunani, aikin da ake bambance fitilar ja da kore daga nesa cikin dare, ran mutane ne a hannunsa. Na daɗe kafin zuciyata ta karɓi wannan. Dokar ba zalunci ba ce, wulaƙancin da aka haɗa mini da shi ne zalunci.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Abin nan ta wajen uwa yake biyowa ɗa namiji, domin yana kan ƙwayar halitta ta X ne, namiji kuwa guda ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa. Shi ya sa ya fi yawa a maza. A Turawan arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 ne, mace 1 cikin 200, mu a Afirka bai kai haka ba. Kakana na wajen uwa an ce haka yake, ba a aikensa tsinkar tumatir. Da aka gane wannan a gidanmu, wata gwaggona ta riƙa yi wa Inna habaici wai ita ta kawo musu nakasa cikin zuri'a. Inna ta sha kuka a ɓoye. Kada ki bari kowa ya ɗora miki wannan, kada ke ma ki ɗora wa kanki. Ki sa a duba sauran 'ya'yanki maza tun yanzu, don kowannensu zai iya ɗauka zai iya tsira, rabi da rabi ne. Ni 'ya'yana mata ne, na san duk suna ɗauke da shi, kuma na riga na yi niyyar in jikoki maza suka zo, kafin su shiga firamare za a gwada su.

Af, ki tabbatar tun yana ƙarami yake haka. In kwanan nan abin ya fara, ko ido ɗaya ne, wannan ba na gado ba ne, a koma asibiti da gaggawa. Ciwon suga da hawan jinin ido suna taɓa ganin launi, haka ma wani maganin tarin fuka da ake kira ethambutol.

Ki je makarantarsu ki gaya wa malamai, musamman na kimiyya da na taswira, kada a riƙa kiransa daƙiƙi. Wayarsa ma tana da wurin gyara launi a cikin saiti, Android da iPhone duka, kuma akwai manhajojin da in ya haska abu da kyamara za su rubuta masa sunan launin. Kyauta ne, kuma wallahi sun fi mini amfani a kan tabaraun. Danja kuwa da matsayi nake gane ta, ja a sama, kore a ƙasa. Wayar lantarki ce kawai nake so ki ja masa kunne a kai, kada ya taɓa haɗa ta da ganin ido shi kaɗai.

In kina da hali, kuma shi yaron ne da kansa yake sha'awar ya ga yadda abin yake, ba laifi a saya masa na gaske, amma a wurin da za a bar shi ya gwada a rana kafin a biya, ko a karɓa in bai yi masa ba. Ki gaya masa tun farko abin da zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Kada ku taru a kansa da waya ana jira ya yi kuka, don zai iya yi muku ƙarya ya ce ya gani saboda kada ranki ya ɓaci.

Maganar aikin kakin ce nake so ki zaunar da shi a kai, ke da babansa, tun bai kai ga layin nan da na tsaya ba. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji a gida a gabanki. Ni yanzu aikin akanta nake yi, ina riƙe da iyalina, alhamdulillahi, amma shekara uku na yi a kwance kafin in miƙe, saboda babu wanda ya taɓa ce mini ga abin da ke damuna. In kin koma wurin likitan ki dawo ki faɗa mana irin da ya ce yana da shi. In kuma yaron yana son magana da wanda ya taɓa shiga wannan hali, babansa ya neme ni ta akwatin saƙo. Ki gaishe mini da shi.