Hukuncin koyon karanta taswirar taurarin haihuwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a jami'a a nan Kumasi, gidanmu a Aboabo. Kwanakin baya wata ƙawata ta sa mini wata manhaja a waya, kana rubuta ranar da aka haife ka da lokaci da gari, sai ta zana maka da'ira mai ɗauke da matsayin rana da wata da taurari a daidai wannan lokacin, ta faɗa maka halinka. Wallahi Malam abin da ta faɗa a kaina ya yi daidai. Na fara koyon karanta taswirar da kaina, har na duba wa ƙawayena, kuma akwai darasin intanet da nake son biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ni ban yarda taurari na yin komai ba sai Allah, ba na duba gobe, halin mutum kawai nake son sani. Akwai kuma wanda yake nemana, taswirar ta ce burjinmu bai dace ba, abin ya tsaya mini a rai. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki tura kuɗin. Koyon wannan abu don a fassara halin mutum ko rabonsa bai halatta ba, duba wa wasu ya fi muni, kuma kuɗin da za a biya ko a karɓa a kansa haramun ne. Amma tunda ke mai karatu ce, bari in buɗe miki dalilin, don akwai gaskiya a cikin taswirar nan, kuma ita ce take ruɗin mutane.

Abu biyu aka haɗa a cikinta. Na farko lissafi ne. An ɗauki hanyar da rana take bi a sararin sama cikin shekara, digiri 360, an raba ta burji 12, kowanne digiri 30, daga Hamal da Saur da Jauza'u har zuwa Dalwu da Hutu. Aka lissafa inda rana da wata da taurari masu tafiya irin su Zahra da Mushtari suke a lokacin da kika faɗo duniya, da kuma burjin da yake ɓullowa ta gabas a wannan sa'a, wanda yake canzawa kusan duk bayan awa biyu. Shi ya sa manhajar ta nace sai kin ba ta lokaci da gari. Har nan babu ƙarya. Na biyu shi ne fassara: wai tunda wata yana burji kaza ke mai saurin kuka ce, tunda tauraron Marriku yana gida na bakwai cikin gidaje 12 da suke raba taswirar aurenki zai yi rigima, gida na biyu na dukiya ne, na goma na ɗaukaka. Wannan ba lissafi ba ne, da'awa ce da aka jingina wa lissafi.

Haka malamai suka raba ilmin taurari tun da. Akwai ilmin tafiyarsu, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da watanni da shi, Allah ya ce a Suratu Yunus aya ta 5 ya sanya wa wata masaukai domin mu san ƙidayar shekaru da lissafi, ya ce a Suratun Nahli aya ta 16 da taurari suke gane hanya. Wannan halal ne, wani sashensa ma farilla ne a kan al'umma. Waɗanda suka isa hankali za su tuna husufin ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a kudancin Gana. Masana sun faɗi rana da minti tun kafin ya zo, kuma ba wanda ya ce sun yi duba, domin abin da suka faɗa yana da sababi da ake iya bi a gwada. Sai kuma ilmin tasiri, wato kafa hujja da yanayin sama a kan abin da zai sami ɗan Adam ko yadda halinsa yake. Shi ne aka hana. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zangon nan, an yanke maganar a gajarce: ba a duba taurari sai gwargwadon abin da za a gane alƙibla da sassan dare, a bar abin da ya wuce haka.

Hadisi mafi kusa da tambayarki yana cikin Sahihu Muslim. Wata rana da dare Annabi (SAW) yana zaune da sahabbansa sai tauraro ya yanke ya haskaka. Ya tambaye su me suke cewa a jahiliyya idan sun ga haka. Suka ce, mukan ce yau an haifi wani babban mutum, ko wani babba ya mutu. Sai ya ce ba a jefa su don mutuwar wani ko rayuwarsa. Irin wannan ya faɗa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi: rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ki duba da kyau. Idan sama ba ta yi motsi don ɗan Annabi ba, ta yaya za ta rubuta halin 'yar Aboabo? Tushen taswirar haihuwa gaba ɗaya shi ne cewa akwai alaƙa tsakanin haihuwar mutum da yanayin sama, kuma wannan alaƙar ce hadisan suka kore. Sannan Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya ɗebi wani ilmi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri, yana ƙara wancan yana ƙara wannan. Kin ga hadisin a kan mai koyo yake magana, kuma ya nuna babu wani ɗan mataki na farko da aka yafe wa sabon shiga.

Yanzu ga maganarki cewa ba gobe kike dubawa ba, hali kawai. Na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma ba ta tsaya ba. Halin mutumin da ba ki zauna da shi ba gaibu ne a wurinki. Ana sanin sa ta zama tare, ko tafiya, ko ciniki, ko tambayar waɗanda suka san shi. Mai cewa ya san shi daga inda tauraron Zuhalu yake ranar haihuwa ya ɗauki abin da Allah bai sa shi sababi ba, a shari'a ko a gwaji, ya mai da shi sababi. Kuma ke da kanki kin kawo shaida a ƙarshen tambayarki: da hali aka fara, ga shi yanzu an kai ga ko aurenki zai yi albarka. Ai wannan gobe ce.

To me ya sa abin ya yi daidai da ke? A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Yawancinsu suka ce ya yi daidai matuƙa, ashe magana ɗaya ce ya ba kowa. Irin su "kina son mutane su so ki, amma kina yawan zargin kanki", "wani lokaci kina son jama'a, wani lokaci kina son kaɗaici". Rigar roba ce irin ta gwanjon kasuwar Kejetiya, duk wanda ya sa sai ta zauna masa. A 1985 kuma mujallar Nature ta buga gwajin wani mai bincike, Shawn Carlson, inda aka ba masu duba taurari taswirar mutum da bayanan hali guda uku su zaɓi nasa, ba su fi mai canki-canka ba. Ba don shari'a na jiran shaidar Bature na kawo waɗannan ba, hukunci ya tabbata tun kafin su. Na kawo su ne don ki daina jin cewa akwai wani sirri da malamai suke hana ki.

Ki gwada da kanki ma. Burjin da manhajarki ta ba ki an ɗaure shi ne da lokutan shekara, Hamal yana farawa wajen 21 ga Maris. Amma saboda wani juyi da duniya take yi a hankali, kusan digiri ɗaya duk shekara 72, taurarin da aka sa wa sunayen nan sun goce da kusan digiri 24. Masu duba na Indiya taurarin suke bi, don haka mafi yawan mutane idan suka je wurinsu burjinsu canzawa yake yi. Wanne ne naki? Tauraron Yuranos sai 1781 aka gano shi, Naftun 1846, Fuluto 1930, yau duk an ba su aiki a taswira, to waɗanda aka duba wa kafin nan fa? Hassana da Husaina da mintuna kaɗan ke tsakaninsu, wata mai haƙuri wata kamar wuta, fa? Wadda aka ciro ta hanyar tiyata, likitan da ya sa lokaci shi ya zaɓa mata hali ke nan? Balle iyayenmu da yawa, in ka tambayi lokacin haihuwarsu sai a ce da damina ne, bayan sallar asuba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da laƙabi yake yi. Maƙwabtanmu Asante suna sa wa yaro sunan ranar haihuwarsa, kuma a al'ada ana cewa Kwadwo na Litinin mai sanyin hali ne, Kwaku na Laraba mai rigima. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Gustav Jahoda, ya duba takardun kotun yara a ƙasar Asante, ya tarar sunan Kwaku ya fi yawa a laifukan faɗa, na Kwadwo ya yi ƙaranci. Shi kansa bai ce Laraba ce ta yi aiki ba, ya karkata ga cewa yaron da aka taso ana ce masa kai fitinanne ne yakan bi abin da ake faɗa masa. Mu ma muna da Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Asabe, kuma sunan rana ba laifi ba ne muddin ba a ɗora masa hali ba. To ki tuna duk ƙawar da kika ce wa "ke burjinki na masu riƙo ne", kin ba ta uzurin da za ta daina gyara kanta.

Wani zai ce ai Musulmi sun yi. Sun yi. Halifa Mansur da zai kafa Bagadaza a 762 masu duba taurari ne suka zaɓa masa lokaci, kuma Abu Ma'ashar na Balkh ya rubuta littattafan duba taurari da Turawa suka fassara. Aikin sarakuna ba hujja ba ne. Littattafan tarihi sun kawo cewa masu duba sun hana Halifa Mu'utasim fita yaƙin garin Ammuriyya a 838, ya ƙi jin su, ya je ya ci garin. Kada kuma ki ɗauka hukuncin ya tsaya ga manhajar Turawa. Wanda yake zaune a kan buzu a cikin Zango, ya karɓi sunanki da na mahaifiyarki ya yi hisabi, ya ce ke ruwa ce shi wuta ne, taurarinku ba su haɗu ba, shi da wayar hukuncinsu ɗaya, ko da ya fara da bisimilla.

Hukuncin hawa-hawa ne. Wanda ya ƙudurce taurari da kansu suke yi, ko mai duba ya san gaibu, wannan kafirci ne, domin Allah ya ce a Suratun Namli aya ta 65 babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. Wanda ya ce Allah ne mai yi amma taurari alama ce ko sababi, bai fita Musulunci ba, sai dai ya yi babban saɓo, wasu malamai suna kiransa ƙaramin shirka. Daga bayaninki a wannan mataki na biyu kike, cikin rashin sani, don haka kada wani ya tsorata ki da cewa kin kafirta. Mai karantawa don nishaɗi ma bai kuɓuta ba, saboda hadisin Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba, kuma malaman zamani da dama sun haɗa buɗe irin waɗannan shafuka da zuwa wurinsa. Ma'anar hadisin rasa lada ce. Salla tana nan a kanki, ba a barin ta, ba a kuma rama ta. Wanda aka yi wa rangwame shi ne mai ilmi da ya duba don ya yi raddi.

Ki goge manhajar, ki yi istigfari, kada ki biya kuɗin darasin. Ƙawayen da kika duba wa ki koma ki ce musu abin da kika faɗa ba shi da tushe. Idan kin karɓi ko sidi ɗaya ki mayar, domin Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan ladan boka. In sama ce take burge ki, ga ilminta na gaskiya a buɗe: ki koyi yadda ake fitar da alƙibla, wadda daga Kumasi take wajen digiri 65 daga arewa zuwa gabas, da lissafin lokutan salla da tsayuwar wata, muna buƙatar masu wannan ilmi. Ƙasar nan ma tana da na'urar nazarin sararin samaniya a Kuntunse kusa da Akara tun 2017.

Shi kuma mai neman naki, ki cire burji daga lissafi kwata-kwata. Ki sa Baba ko kawunninki su bincika addininsa da halinsa da sana'arsa a unguwarsu da masallacinsu, su ji yadda yake da mahaifiyarsa da waɗanda suke bin sa bashi. Ki yi salla raka'a biyu ki yi addu'ar istihara da bakinki, ba sai kin ba wani ya kwana ya yi miki mafarki ba. Idan binciken ya yi kyau kuma hankalinki ya kwanta, ki amince. Idan wasuwasin taswirar ya dawo miki, ki nemi tsari ki ci gaba da shirinki.

Wallahu a'alam.