Kada ka ba da sunanka a aika giya

Wani ƙanenmu da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ya rubuto cewa abokin aikinsa ya kawo masa harka: za a riƙa karɓar oda ta intanet, shi kuma ya ɗaure kwalaben giyar inabi a kwali ya aika wa masu saye a wasu jihohi da sunansa da adireshinsa, a ba shi kamasho. Yana jiran takardar zama ta dindindin, yana tambaya ko akwai matsala.

Ƙanena, akwai, kuma babba ce. Ganin giya a kowane kanti kada ya ruɗe ka. Tun 1933, lokacin da Amurka ta soke haramcin giya da gyara na 21 ga tsarin mulkinta, aka bar wa kowace jiha ikon tsara yadda giya ke shiga cikinta. Yawancinsu sun ɗora cinikin a kan hawa uku: mai yi ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai shago, kowannensu da lasisinsa. Wataƙila abokin naka zai ce ai Kotun Ƙoli ta buɗe hanya a 2005, a shari'ar Granholm. Abin da kotun ta ce shi ne, jihar da ta bar masana'antun giyarta su aika wa mutane kai tsaye ba za ta hana na wata jiha ba. Maganar masu lasisi ce, kai ba ka cikinsu. Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar giya sam. Kamfanonin aika kaya na UPS da FedEx kuwa sai daga hannun mai lasisi da suka yi yarjejeniya da shi, kuma sai wanda ya kai shekara 21 ya sa hannu kafin a miƙa kwalin.

To ta yaya kwalinka zai wuce? Sai ka ɓoye abin da ke ciki. Shi ya sa ake neman sunanka. Ranar da kwalba ta fashe a hanya, adireshinka ne a jiki, shi kuwa yana gefe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali takardunka ne. A fom ɗin neman zama, da na zama ɗan ƙasa daga baya, ana tambayar ko ka taɓa aikata laifi, ko da ba a kama ka ba, kuma rantsuwa kake yi a kan amsar. Shekarun da ka yi kana haƙuri, da mutanen gida da ke jiran aikenka duk wata, sun fi ƙarfin kamashon kwali.

Ban manta da addini ba, kai ma na san bai bar zuciyarka ba, tunda ka tambaya. Hadisin da ya la'anci giya ya ambaci mai ɗaukarta da wanda aka kai wa.

Ka ce masa a'a, ba sai ka yi dogon bayani ba. In kuma ka riga ka aika ko da kwali ɗaya ne, ka ga lauyan shige da fice kafin ranar da za a kira ka ganawa, ka faɗa masa komai yadda ya faru.