Tallan album a mujalla, me ake sakawa?

Ɗan'uwa ka tambayi yadda ake tsara tallan album a mujalla, to abin ba wuya amma yana da ƙa'ida. Duba tsofaffin mujallun waƙa irin su Rolling Stone na Amurka ko NME na Ingila, hoton bangon album ɗin shi ke cinye kusan shafin gaba ɗaya, dalili kuwa so ake in mutum ya shiga shago ya gane shi da ido tun kafin ya karanta komai, shi ya sa har kalar rubutu da launi ba a canzawa. Sunan mawaƙi da manyan baƙaƙe, sunan album a ƙasansa, sai ranar fitowa, wadda tun 2015 yawanci Juma'a ce a duk duniya, da can Talata ce a Amurka, Litinin a Ingila. Ana ambaton waƙa ɗaya ko biyu da suka riga suka shiga rediyo, da taurarin da masu sharhi suka ba shi a matsayin maki, tambarin kamfanin da ya fitar da album ɗin can ƙasa ɗan ƙarami. Ni dai abin da ke ɓata min rai shi ne cika shafi da surutu, wallahi ba mai tsayawa karantawa.