Tambaya da Amsa: Faifan da Holger Czukay ya haɗa da dare

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana ya saka mini wasu kiɗe-kiɗen wata ƙungiyar Jamusawa mai suna Can, kuma abin mamaki sun shige ni. Ya ce ɗaya daga cikinsu ya taɓa yin wani faifai nasa daban wanda mutane ba su cika sani ba. Wane faifai ne, kuma ya kai in ɓata lokacina a kansa? — Wata mai karatu

AMSA: Hajiya, barka kadai. Faifan da ɗanki yake nufi shi ne Canaxis 5, wanda ya fito a 1969. Ko kin duba bangonsa na farko ba za ki ga sunan Can ba, domin da sunan Technical Space Composer's Crew aka sake shi. Duk tsawon sunan nan mutum biyu ne kacal: Holger Czukay, mai kaɗa jitar bes a Can, da abokinsa Rolf Dammers.

Can ta kafu a 1968 a Kolon, birnin da gidan rediyon Muryar Jamus yake a wancan zamani. Matasan Jamus ta Yamma na lokacin sun gaji da kwaikwayon Amurka da Ingila, ba su kuma son gadon iyayensu da yaƙi ya ɓata, sai suka shiga laluben sabon sauti. 'Yan jaridar Ingila ne suka laƙaba wa abin suna krautrock, daga wata kalmar zolaya da ake jifan Jamusawa da ita, kuma da yawa cikin mawaƙan ba su so sunan ba.

Czukay ɗalibin Karlheinz Stockhausen ne, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya yi karatu a hannunsa daga 1963 zuwa 1966. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa da dare ya shiga sutudiyon malaminsa a gidan rediyon WDR ya yi aikin, lokacin da mai wurin ba ya nan. Babu kwamfuta. Tef ake yankawa da reza, a manne bakinsa biyu ya zama zobe, a ɗora shi kan na'ura yana ta zagayawa, sauti ɗaya yana dawowa.

Kiɗa biyu ne rak a faifan, kowanne ya cinye fuska guda. Na farkon, "Boat-Woman-Song", shi ne dalilin da ya sa nake cewa ki nema. Yana buɗewa da guntun tsohuwar waƙar Turai da aka mayar zobe, muryoyi suna tashi suna komawa wuri guda. Kina cikin sabawa da wannan sai muryar mace ta ɓullo daga sama, siririya, tana rera waƙar gargajiya ta Biyetnam. Ranar da na fara ji ina tsaye ne ina guga da daddare. Na kashe dutsen gugar na zauna a bakin gado, rigar tana nan rabi a goge har kiɗan ya ƙare. Ban san ko kalma ɗaya cikin abin da take faɗa ba, amma na ji ƙirjina ya yi nauyi. Ki tuna kuma a shekarun nan bama-bamai ake ta zubawa a ƙasarsu.

Akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, ba zan ɓoye miki ba. Matan da muryarsu ta ɗauki nauyin kiɗan, a bangon faifan an ce da su mawaƙa biyu daga Biyetnam da ba a san su ba, shi ke nan. Sunan Czukay ya zaga duniya, nasu ko a takarda bai hau ba. Ina son faifan nan ƙwarai, kuma duk sanda na saka shi wannan yana raina.

Fuska ta biyu ta fi tsawo da sanyin tafiya, kuma a ganina ba ta kai ta farko ba.

Kwafi kaɗan aka buga da farko, ga shi a shekarar ce Can ta fitar da faifanta na farko, Monster Movie, sai hankali ya koma can. Sai a 1982 Spoon, kamfanin faifan Can, ya sake fitar da Canaxis, wannan karon da sunayen mutanen biyu. Czukay bai bar wannan hanya ba har rasuwarsa a 2017. In faifan ya yi miki, ki bi shi da "Persian Love" na cikin faifansa Movies, 1979, inda ya ɗauko muryoyin mawaƙan Farisa daga rediyo mai gajeren zango.

Shawarata, Hajiya, kada ki saka shi kina hira ko kina aiki. Ki bari gida ya yi tsit, ki karɓi abin sawa a kunne daga wurin yaron, ki ba shi kamar minti 17 ɗin da fuskar farko take buƙata.